Fuskata a Bangon Alhaji Baƙo

"Kai mai tsani, ba ka da ido ne?"

Maganar da ta fara haɗa ni da Muttaƙa ke nan, kuma da na san inda za ta kai ni da na haɗiye abata. Ranar kasuwar Magarya ce, cikin ranin shekarar saba'in da uku. Na bi ta gindin bangon butik ɗin Alhaji Baƙo, wato kantinsa, da ƙwaryar nono a kaina, sai na ji abu ya ɗigo. Da na sauke, shuɗin fenti ne ya bi ta gefen faifai ya shiga cikin nonon.

Ya leƙo daga saman tsani da buroshi a haƙora, dogo siriri kamar karan dawa, babu launin da ba ya jikin rigarsa. Maimakon ya ba ni haƙuri sai ya tsaya kallona.

"Ina magana kana kallona!"

Ya cire buroshin daga baki. "Yi haƙuri, 'yan mata... ɗan juyo ta wajen rana."

"In juyo in yi me?"

"Shi ke nan. Na gani."

Ya sauko ya saye nonon duka, har da wanda ya ɓaci. Na tafi ina zaginsa a zuci, na kuma waiwayo kafin in sha kwana, abin da har yau nake jin haushin kaina a kansa.

Sunana Ɗela, ni ce mace tilo bayan maza a gidan Malam Hambali na Yekuwa. Innata ta rasu ina goye, Baba ne ya zame mini uwa da uba. Muna noman gero da wake, muna da shanu daidai rufin asiri. Da rani yayana Manu kan gangaro da shanun kusa da Magarya, ni kuma in zauna wajen ƙanwar Baba, Gwaggo Ƙande, ina sayar da nono.

Daga ranar nan hanyar kasuwa ta zama guda ɗaya a wurina, ta gindin bangon Alhaji Baƙo. Gwaggo ta lura, ta ce ita dai ba ta taɓa jin an sayar da nono a inda babu mutane sai gwangwanayen fenti ba. Na ce mata inuwar wurin ce mai daɗi. Ta ce ai kuwa, inuwa mai gashin baki.

Muttaƙa ɗan Dungas ne, ya yi shekaru a Kano yana zanen jikin manyan motoci kafin ya dawo gida. A lokacin duk allon da ke Magarya hannunsa ne, na teloli da na masu gyaran keke har da na mai shayin tasha. Yana rubutawa da boko, ya sake da ajami a ƙasa, don ya ce wanda ke da kuɗin saye ajami yake karantawa. Nakan zauna ina kallon yadda yake jiƙa zare da shuni, ya ja shi ya sake shi ya bugi bango, layi ya fito ɗoɗar. Ƙananan buroshinsa da gashin akuya yake ɗaure su da kansa. In yana aiki ko faɗuwa za ka yi a gabansa ba zai gan ka ba, amma in ya sauko ya wanke hannu da kananzir, bakinsa ya fi zuma.

"Hasken idona," haka yake kirana.

"Idon da ya zuba mini fenti a nono?"

"Shi fa. Ranar ce ya fara gani."

Aikin bangon kuwa ya rufe shi da tabarmi, ba ya barin kowa ya leƙa. Abin da ya nuna mini kawai wani tsohon farantin ƙarfe ne na tallar sabulu, irin wanda ake kafawa a kantunan Turawa tun zamanin cinikin gyaɗa. Alhaji Baƙo ya tono shi a cikin tarkacen mahaifinsa, ya ce a fito masa da irinsa a bango, babba. Mace ce riƙe da sabulu kusa da kunci, sai dai tsatsa ta cinye fuskar gaba ɗaya. Na tambaye shi yadda zai yi da fuskar da babu. Ya yi dariya ya ce Allah ya riga ya aiko masa da ita. Ni da nake ganin kaina da wayo, ban gane ba.

Ranar da aka yaye tabarmin, tun daga bakin kasuwa na ga mutane suna kallona suna kallon juna. Wata mai ƙosai ta ce da ni, "Sannu mai sabulu." Na ƙarasa gindin bangon, na ɗaga kai.

Ni ce. Ta fi ƙofar butik ɗin tsawo, da kallabina mai ruwan goro, tana murmushin da ban san ina da shi ba. Da a nan ya tsaya da sai in ce kama ce, mutum ba ya rasa mai kama da shi. Amma ya sa mata tsagar 'yan baka irin ta gidanmu, ya kuma sa mata billena. Billen nan ba irin na kowa ba ne, ya karye a tsakiya ya ɗan lanƙwasa, don ranar da aka yi mini na motsa askar wanzami ta goce. Duk wanda ya san Yekuwa ya san 'yar waye ce a bangon.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi a farko. Ban taɓa sanin ina da kyau haka ba, madubin Gwaggo ɗan mitsitsi ne, ido ɗaya yake nunawa. Daɗin bai kai azahar ba. Na ga wani ɗan dako ya ɗora ƙafa a kan buhu ya miƙa hannu ya shafi kuncin hoton, abokansa suka fashe da dariya, ɗaya ya ce a ba shi sabulun 'yar Hambali ya ji ko da laushi. Manu yana wurin. Sai da mutane suka ɓamɓare shi daga wuyan mutumin.

Na sami Muttaƙa a bayan butik, fuskarsa cike da fara'a, yana jiran yabo.

"Me ya sa ka sa billen?"

"In babu shi ai ba ke ba ce."

"To wa ya ce ka sa ni?"

Ya dube ni kamar na yi masa wani yare. Wallahi bai gane laifinsa ba.

Labari ya riga ni isa Yekuwa. Kasuwa ta gaba Baba ya hau amalanke ya zo da kansa. Ya tsaya gaban bangon ya daɗe, sandarsa a kafaɗa, ni ina bayansa kamar in nutse. Aka kira Muttaƙa ya zo ya durƙusa. Na ɗauka Baba zai ɗaga murya, amma a hankali ya yi magana.

"Ɗana, ka iya aiki. Billen nan a cinyata take aka yi mata shi, ban zaci akwai wanda ya lura da karyewarsa ba sai ni. Amma tsaga ba ado ba ce, sunan gida ce. Ka ɗauki sunan gidana kana sayar da sabulu da shi."

Muttaƙa ya ce shi da aure yake sona, ba da wasa ba. Baba ya ce ya ji, kuma shi ba ya ƙin mai sana'a. Sharaɗinsa ɗaya ne, a kawar da hoton nan ya tafi har abada, sannan magabata su zo. Alhaji Baƙo ya so ya yi gardama, don tun da aka yi zanen sabulu ba ya kwana a butik ɗinsa, amma ya ji nauyin furfurar Baba ya ce a yi yadda ya ce.

Washegari bango ya wayi gari fari fat. Baba ya je ya shafa shi da tafin hannu, ya juyo ya kalli Muttaƙa.

"Ta tafi?"

"Ta tafi, Baba."

"Allah ya yi maka albarka."

Magabatansa suka zo daga Dungas da goro, aka sa rana bayan kaka. Na koma Yekuwa ina jin duniya tawa ce.

Sai damina ta ƙi. Hadari ya haɗu ya yi baƙi, iska ta zo ta watsa shi, in an samu yayyafi ko ƙasa ba ya jiƙawa. Gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Rijiyoyi suka ja baya har sai an ƙara igiya a kan igiya. Shanunmu suka fara kwanciya ɗaya bayan ɗaya, Baba ya zauna kusa da kowace har ta cika, ya kira sunanta. Da kaka ta zo ya kira ni ya ce ba zai kai ni gidan miji da rumbu wayam ba, in yi haƙuri sai Allah ya sauko da ruwa. Na ce to. Me zan ce wa mutumin da ke raba tuwonsa biyu ya tura mini rabi, ya ce shi ya ƙoshi?

Babu wanda ya roƙi ruwa a ƙasar Damagaram kamar ni. Kowa yana roƙo don cikinsa, ni ina roƙo don cikina da zuciyata.

Na dawo wajen Gwaggo da rani, ba nono yanzu, sai ɗan surfe da nake taya ta. Muttaƙa yana nan yadda na bar shi, ko aiki ya yi ƙaranci bai fasa kawo wa Gwaggo ɗan abin da ya samu ba. Abu ɗaya ne ya ba ni mamaki. Kowane bango a Magarya ya yi datti ya daƙushe, ban da na Alhaji Baƙo. Sau da yawa nakan ga farar ƙasa a ƙumbarsa, in na tambaya ya ce Alhaji ne mai son tsabta.

Da damina ta sake matsowa kuma, duk ranar da gabas ta yi duhu, mutane suna ɗaga hannu suna addu'a, shi sai ya kasa zama. Ya tashi, ya leƙa sama, ya dawo.

"Ango mai tsoron tsawa," na ce masa. "Ruwan nan fa shi ne aurenmu."

"Na sani, hasken idona."

"To ka ce amin mana."

Ya ce amin, can ƙasan maƙoshi.

An yi ruwan shuka, ɗan madaidaici, aka yi na biyu. Gero ya tsiro kore shar, abin da muka manta kamanninsa. Baba ya ce alama ta yi kyau, ba zai jira kaka ba ya fara tara mini kayan ɗaki. Ya sayar da ɗan maraƙin da ya rage mana, shi da Manu suka zo kasuwar Magarya, muka zaɓi kwanoni masu fure da tabarma sabuwa. Rabon da in ga haƙoran Baba a waje tun kafin shanu su fara mutuwa.

Muna cikin ɗaure kayan hadari ya taso daga gabas, irin wanda tsofaffi suka ce sun yi shekaru ba su gani ba. Muka ruga wata rumfa muka fake, kuma rumfar tana kallon butik ɗin Alhaji Baƙo. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, iska tana maka shi a jikin bangon nan da ke fuskantar gabas. Mutane suka fito cikin ruwa suna kabbara, mata suna guɗa, wani tsoho ya durƙusa a cikin taɓo yana kuka. Ni ma kukan nake, na riƙe hannun Baba ina cewa Allah ya karɓa.

Manu ne ya fara gani. Ya ce, "Baba, dubi can."

Farin bangon yana narkewa yana gangarowa kamar an kifar da ƙwaryar nono. Ido ɗaya ya fara fitowa. Sai kallabi mai ruwan goro. Sai billen, da karyewarsa da lanƙwasarsa, sabo fil kamar jiya aka zana. Kafin ruwan ya tsagaita tana tsaye gaba ɗayanta, a wanke tas, tana yi wa kasuwa murmushi da sabulu a hannu.

Ko ni da ba sana'ata ba ce na gane abin da ya faru, don Muttaƙa ya sha gaya mini da bakinsa cewa farar ƙasa ba ta kama fentin mai, zama kawai take yi a kai kafin ruwa ya zo. Bai kankare ba. Lulluɓe ta ya yi, ya yi ta sabunta mata mayafi shekara guda, yana kallon Babana yana ce masa Baba.

Sai ga shi a guje cikin ruwa da tabarma a hannu, yana neman rufe abin da ya fi shi tsawo. Ya juyo ya gan mu, tabarmar ta faɗi.

Guɗa ta tsaya. Mutane suka fara taruwa, wani ya yi dariya aka ce masa kul. Baba ya saki hannuna a hankali, ya fita cikin yayyafin har gaban Muttaƙa. Bai zage shi ba, da ma ya zage shi da ya fi mini sauƙi. Ni ya juyo ya yi wa magana.

"Ɗela, ban hana ki shi ba, ko yanzu ban hana ki ba. Ni dai na tambaye shi, ya ce mini ta tafi."

Ya koma rumfa ya zauna a kan ƙullin kwanonina, ya sunkuyar da kai. A ranar na fara ganin tsufansa.

Ina son Muttaƙa a lokacin, ina son sa har cikin ƙashina, kuma ban shirya rasa shi don bango ba. Na zare wuƙar da ke ɗamarar Manu, na je na kama hannun Muttaƙa na danƙa masa.

"Kankare ta. Yanzu, a gaban Baba. In ka yi, ni zan durƙusa in roƙa maka gafara."

Ya karɓa. Ya taka dakalin butik ɗin, ya ɗora bakin wuƙar a haɓar hoton. Hannun nan da ke jan layi ba karkata, ya kasa jan wuƙar. Muka yi ta jira.

"Ɗela..." ya ce, bai juyo ba. "Ban taɓa yin aiki irin wannan ba. Ba na jin zan sake yin kamarsa har in mutu. Na sha zuwa da wuƙa, wallahi na sha zuwa, in na ɗaga hannu sai in ga kamar ke zan yanka."

"Ni ga ni nan a bayanka."

"Ko idanun kaɗai a bar mini... sauran duk in kankare."

"Ga idanun nan, Muttaƙa. Masu rai. Juyo ka ga abin da suke yi."

Ya juyo ya kalle ni, ga ni jiƙe sharkaf, fuska a kumbure da kuka, ga ramar shekarar yunwa. Ya daɗe yana kallona, sannan idonsa ya koma kan bangon. Ba da gangan ya yi ba, na sani, idon ne ya tafi inda ya fi so. Wannan kallon ya ishe ni.

Manu ya yi kukan kura ya fizge wuƙarsa zai hau dakalin. Na riƙe masa riga.

"Yaya, bar masa matarsa."

Na je na ɗaga Baba, na ɗauki ƙullin kwanonin na aza a kaina, muka nufi amalanke. Muttaƙa yana kiran sunana, ban waiwaya ba. Wannan karon na iya.

An yi albarkar gero a shekarar, har aka rasa inda za a zuba. Kowa yana cewa ruwan ranar kasuwar nan shi ya ceci ƙasa, ni kuwa in na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa sai ranar nan ta dawo mini sabuwa. Muttaƙa ya zo Yekuwa ya tsaya a ƙofar gida, ya aiko a ce mini ya kankare, wannan karon da gaske. Daga baya Gwaggo ta gaya mini Alhaji Baƙo ne ya sa magina suka farfashe simintin suka yi sabon yaɓe, shi Muttaƙa ko wurin bai iya tsayawa ba. Baba ya ce in ina so in fita in saurare shi, babu komai. Na shige ɗaki na danne bakina da zane don kada a ji kukana, har ya gaji ya tafi. Ba a daɗe ba aka ce ya koma Kano.

Bayan shekara biyu na auri Wada, manomi ne daga Mallawa, ni na ce ina so da bakina. Mutum ne mai haƙuri, ba ya ƙarya, ba ya kuma kallon mutum ya daɗe. Kwanonin nan masu fure su aka jera mini. Baba ya rasu a shekarar da na haihu, yana sa mini albarka, kuma ban yi nadamar hannun da na riƙe ranar nan ba. Nadama daban, ciwo daban.

Wata ranar kasuwar Mallawa, muna tsaye ni da maigidana a bakin hanya, ina goye da 'yata, sai wata babbar kamyo, motar kaya ta 'yan Najeriya, ta zo wucewa da lodin wake, tana tafiya a hankali saboda ramuka. Da ta ba mu baya na ɗaga kai. A jikin ƙofar bayan, tsakanin furanni da tsuntsaye, mace ce da kallabi mai ruwan goro. Babu sabulu a hannunta yanzu. Ga 'yan baka, ga bille ya karye a tsakiya ya ɗan lanƙwasa. Ba ta rame ba, ba ta haihu ba, ba ta binne ubanta ba, tana nan da murmushinta tana yawon duniya.

Wada ya bi ta da kallo har ta yi nisa, ya girgiza kai yana dariya.

"Masu zanen nan sun iya ƙarya," ya ce. "Ina aka taɓa yin mace mai kyau haka?"

Na ja gefen mayafina na rufe kuncina.

"Babu ita, Malam," na ce masa.

Na gyara goyona, muka tsallaka hanya.